Rigimar Agogon Kwamfuta

Tun da aka ɗora wa Anti jagorancin masu haɗa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ba ta ga rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa kamar ta agogo ba. Maganar ɗaya ce: wace ƙaramar manhaja za a saka tun farko, ta riƙa tambayar lokaci a intanet tana saita agogon kwamfuta da kanta?

Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a ofishin, ya kafe a kan tsohuwar manhajar da aka saba da ita. Mai Gilashi, da ya zo bara, ya ce sabuwar ko ba komai. Sauran ma'aikata da sun ji an ambaci agogo sai su sulale.

Ran nan ta tara su biyun a ɗakin taro, ta ture kofunan shayi gefe.

"Anti, tsohuwar nan ba ta taɓa ba mu kunya ba," in ji Dogo. "Asibiti da banki, agogonsu ya kauce kaɗan, takardu sun rikice."

"Ga nauyi, ga cin batir," in ji Mai Gilashi. "Wa ke kula da ita yanzu? Tsoho guda, shi ma ya gaji."

"Kai yaushe ka zo?" in ji Dogo.

"Don Allah ku tsaya!" Ta dafe kai. "Na ce ku gwada su. Me kuka gani?"

Can Dogo ya ce duk biyun sun saita lokaci daidai.

"To, me kuke cinye mini rai a kai?"

Dogo ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta ce sabuwar za a saka, tunda yawancin masu amfani da manhajarsu ƙananan kwamfutoci suke ɗauka. Tsohuwar a bar ta a rumbun manhajoji na intanet, mai so ya sauke. Dogo zai rubuta bayanin yadda ake sauyawa, Mai Gilashi ya duba masa.

Dogo ya ce an yi masa fashi da rana tsaka. Mai Gilashi ya ce barin tsohuwar ma ɓata wuri ne. Suka fita tare suna ƙunƙuni, karon farko bakinsu ya zo ɗaya.

Da aka saki babbar manhajar, Anti ta shirya wa ruwan ƙorafi. Babu wanda ya ko ambaci agogo. Saƙonnin da suka cika mata akwati duk a kan launin fuskar allo ne, wai shuɗin ya yi duhu.