Wuri na Bakwai

"Ba zan kira su ba," in ji Braida. "Mayar da katinka aljihu."

Yayanta Curdin bai mayar ba. Ya ajiye katin kamfanin goge-gogen a bakin tagar kicin, don babu sauran tebur a gidan. Tun da safe masu ɗaukar kaya suka kwashe komai, har muryoyinsu sai amsa-kuwwa suke yi a ɗakunan.

"Ba shawara na kawo miki ba," ya ce. "Ranar Alhamis ƙarfe biyu wakilin masu gida zai zo dubawa. Waɗannan mutanen yini ɗaya za su yi su gama, su tsaya tare da shi, in ya ga datti su goge nan take. Kowa haka yake yi."

"Mami ba ta taɓa kiran kowa ba."

"To ai Mami ita ce wadda ake kira."

Wannan kam gaskiya ne. Shekara talatin da ɗaya mahaifiyarsu, Tresa Derungs, ta yi tana goge gidajen haya a garin Chur kafin a miƙa su ga masu su, kuma mai dubawa bai taɓa sa alamar aibu ko ɗaya a takardar gidan da ta goge ba. Yanzu mantuwa ta kama ta, har ta soma barin tukunya a kan wuta ta fita. A safiyar nan ta Litinin Curdin ya kai ta gidan kula da tsofaffi. Gidan da ta rene su a ciki ne za a miƙa.

"Karatun lauya aka tura ki Zurich, ba na tsumma ba," in ji Curdin.

"Ji mai magana. Kai da ko kofin da ka sha shayi ba ka san inda ake wanke shi ba."

"Yi rashin kunyarki. Amma ma'aikaciyar jinya ta ce kwanakin farko su ne masu wuya. Ta ce mu riƙa zuwa kullum, ta ga fuskar da ta sani."

"Ka je kai. Ni ranar Alhamis zan je mata da takardar a hannuna, fara fat. Baƙo ba zai sa tsumma a gidan Mami ba, ballantana a ce an sami datti a gidan Tresa Derungs."

Ya dube ta, ya girgiza kai, ya fita. Ta ɗauki katin ta kankare busasshen mai daga gefen murhu da shi.

Tun tana ƙarama, ranakun da babu makaranta, Braida kan bi mahaifiyarta wurin aiki, ta zauna a kan kifaffen bokiti tana kallo. Mami kan ce kowane mai duba gida yana da wuri bakwai da yake kai yatsa, sauran duk yawon ido ne. Braida ta tsaya a tsakiyar falo tana lissafa su da yatsunta. Saman ƙofofi. Silin labulen ƙarfe na tagogi, ciki da waje. Ramin da ruwan wanka ke bi. Matatar da ke zuƙe hayaƙin girki. Bayan bututun ɗumama ɗaki. Bakin famfo, wanda sai an kwance shi an jiƙa a ruwan tsami kafin farin gishirin ruwa ya saki.

Shida ke nan. Ta sake lissafawa daga ƙarshe zuwa farko, shida dai.

Ta ce a ranta na bakwai ɗin zai faɗo mata, ta kama aiki daga sama zuwa ƙasa kamar yadda aka koya mata. Labulen ƙarfe kaɗai ya cinye mata ranar Talata. Tagogi shida, kowane labule sili hamsin da wani abu, kowane sili sai an bi shi da tsumma, a leƙa waje daga hawa na uku a bi bayansa. Safar hannunta ta yage tun kafin tsakar rana, ba ta tsaya neman wata ba. Burodi da cuku ta ci a tsaye. Duk inda ta juya sai ta ga kamar wurin ne na bakwai. Ta sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa ta share yanar gizo, ta wanke cikin akwatin wasiƙu, ta ciro ƙusoshin hotuna ta toshe ramukansu da farin siminti. Duk ta san waɗannan dole ne, amma ta tuna Mami na cewa aikin yara ne, ba su cikin bakwai ɗin.

Ranar Laraba da hantsi ta haƙura ta buga waya gidan tsofaffin. An daɗe kafin a haɗa ta.

"Mami, ni ce. Ya kwanan baƙunta?"

"Sun ɗauke mini labule," in ji tsohuwar. "Wannan ba nawa ba ne."

"Zan kawo miki naki. Mami, wuraren nan bakwai da mai duba gida ke taɓawa, mene ne na ƙarshen?"

"Za a zo dubawa? Yau?" in ji Mami. "Ban gama ba. Ina bokitina?"

"A'a, Mami, ba ke ba. Kwanta ki huta."

Ta kashe wayar. Sannan ta ɗauki tsohon buroshin haƙori ta koma kan layukan tayil.

Da safiyar Alhamis gidan yana ƙyalli, yana warin sabulu da tsami. Fatar yatsunta ta tsage a wuri uku. Ta shiga tattara kayan aiki, sai ta ga tsohuwar rigar aikin Mami, shuɗiya, a naɗe a gindin bokiti. Ta kakkaɓe ta, wani abu ya faɗo ƙasa ya yi ƙara. Ɗan ƙaramin makulli ne, gajere, bakinsa mai kusurwa huɗu, an ɗaura masa jan zare. Ta gwada shi a akwatin mita, bai shiga ba. Ta gwada a ƙofar ɗakin ajiya, ba nasa ba ne.

Tana tsaye da shi a falo rana ta hau saman dutsen da ke bayan gari, haskenta ya bugi taga. Gilashin da ta goge sau biyu, ciki da waje, ya fito da hazo-hazo. Ta sa yatsa, babu komai. Ta buɗe ta shafa ta waje, babu komai. A can ƙasan gilashin kuwa ga gawar wani ɗan ƙwaro kwance inda hannu ba ya kaiwa.

Ta matso ta duba gefen tagar. Tagogin tsohon gini ne, gilashi biyu a haɗe, kuma a gefen kowace akwai ƙananan ƙusoshi biyu masu kai mai kusurwa huɗu, fenti ya kusa rufe su. Ta sa makullin, ya zauna daram. Da ta murɗa, tagar ta rabu biyu kamar littafi, ƙurar shekaru ta bayyana a tsakani.

Ƙarfe goma da rabi. Taga shida, kowace ɓangare biyu.

Tana kan ta biyu wayarta ta yi ƙara. Ta maƙale ta a kafaɗa, hannunta bai tsaya ba.

"Ki zo yanzu," in ji Curdin. "Yau ta tashi garau. Ta san inda take, ta san abin da ya sa aka kawo ta. Ta yi kuka, ta share hawaye, yanzu ke take tambaya. Da sunanki, Braida. Har ta tuna jarrabawarki."

"Na gano na bakwai ɗin. Tsakanin gilashi ne."

"Wane gilashi kuma? Minti ashirin ne a bas. Ki bar shi ya sa alamarsa, wa zai mutu?"

"Ka ce mata ƙarfe huɗu."

"Malamar jinya ta ce irin wannan safiyar ba ta daɗewa."

Braida ta dubi tagogi huɗun da suka rage. Ta dubi agogo.

"Ƙarfe huɗu," ta ce, ta ajiye wayar a ƙasa.

Ƙusar taga ta biyar ta ƙi motsi, sai da ta kankare fentin da wuƙa. Jini ya fito daga tsagar yatsanta ya taɓa gilashin, ta sake wankewa. Biyu saura minti bakwai ta ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ta fitar da bokiti bakin matakala, ta tsaya da makullan gida uku a tafin hannu.

Herr Zindel, wakilin masu gida, bai makara ko da minti ɗaya ba. Dattijo ne siriri, da takarda a kan allo, da 'yar tocila, da farin ƙyalle a aljihun gaba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa.

"Frau Derungs?" ya ce da Braida. "Ina mutanen kamfanin?"

"Babu kamfani. Ni na yi."

"Ah," ya ce, irin ta wanda ya riga ya san yadda za a ƙare. "To, bari mu gani."

Ya miƙa hannu saman ƙofar falo, ya dubi ƙyallen. Ya sauke labulen ƙarfe rabi, ya bi sili ɗaya daga tsakiya, ya leƙa waje ya bi bayansa. Ya durƙusa a banɗaki ya haska ramin ruwa. Braida na biye da shi. A kicin ya ciro matatar hayaƙi ya shinshina ta, ya mayar. Bai rubuta komai ba.

A ɗakin kwana ya laluba aljihu ya fito da nasa makullin mai kusurwa huɗu. Taga ta biyar ya zaɓa. Ya raba ta biyu, ya haska, ya huro mata numfashi ya jira hazon ya baje.

"Kamfanoni ma rabinsu ba sa buɗe nan," ya ce. Ya sake duba sunan da ke kan takardar. "Derungs. Tresa mece ce taki?"

"Mahaifiyata ce. Gidanta ne."

"Shi ya sa. Matar nan ta sha sa ni komawa ofis da alƙalamin da ban buɗe ba. Ki gaishe ta."

Ya sa hannu, ta sa hannu, ta miƙa makullai. Layin da ake rubuta aibu ya tafi fari daga sama har ƙasa.

Huɗu da 'yan mintoci ta isa gidan tsofaffin. Curdin na zaune a baranda da kofin kofi da ya huce. Bai tashi ba.

"Har ƙarfe ɗaya tana kallon ƙofa," ya ce. "Shiga."

Mami na kan kujera kusa da taga, an rufa mata bargo a gwiwa. Braida ta durƙusa ta ɗora mata takardar a cinya.

"Duba, Mami. Babu alama ko ɗaya. Herr Zindel ya ce a gaishe ki."

Tsohuwar ta bi farin layin da yatsa har ƙasa, ta gyaɗa kai. Sannan ta kama hannun Braida ta juya shi, ta dubi inda fatar ta tsage.

"Aiki ya yi kyau," ta ce. "Amma ki riƙa sa safar hannu, yarinya, in ba haka ba ba za ki kai shekara goma ba. Sabuwa ce ke? Wa kike wa aiki?"

Braida ta bar hannunta a cikin nata. Ta sami farar takardar da ta ce za ta kawo. A madadin takardar ta rasa safiyar da mahaifiyarta ta kira sunanta, kuma daga ranar Mami ba ta ƙara kiran sa ba.