Kitson da Umma Ba Ta Ƙarasa Ba

A da, duk kan da ya fito daga hannun Umma sai an tare mai shi a hanya ana tambayar wa ya yi mata kitso. Yanzu kuwa kofin shayi ma da hannu biyu take tallafarsa. Ciwon lalacewar tsoka ne, irin na gado. Ya fara da kafaɗunta, yana ta gangarowa a hankali.

Likita ya rubuta mata wani gari na gwangwani, amino asid, abin da jiki ke gina tsoka da shi. Bai ɓoye mata komai ba.

"Ba ya warkarwa, Mama. Wasu yana rage musu gajiya, wasu kuwa ko a jikinsu."

Umma ta ɗauki rabin maganar, ta bar masa sauran. Burinta ɗaya ne. Auta, 'yarta ta ƙarshe, za ta tafi makarantar kwana, kuma tun da yarinyar ta yi wayo maƙwabciya ke mata kitso. Kullum Umma ta ga tsagar nan a karkace, sai zuciyarta ta yi ta suya. Tana so ko sau ɗaya ne Auta ta san hannun uwarta a kanta.

Da safiyar ranar tafiya, maigidanta na dama mata garin, ta ce, "Malam, ƙara cokali guda."

"Ke! Man mota ne, da za a cika tanki? Ɗaya likita ya ce."

Ya dai tokare mata gwiwar hannu da matasan kai. Auta ta kwantar da kai a cinyarta. Umma ta ɗauki kibiya ta ja tsaga, ta fito santal. Ashe yatsun ba su manta ba. Ta kitse na farko, ta kitse na biyu, ƙanshin man kitso na tuna mata da duk kawunan da suka taɓa kwanciya a cinyar nan. A na uku hannun ya kama rawa, kibiyar ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

Ta jira ƙarfin ya dawo, bai dawo ba.

"Tashi ki je wurin maƙwabciya ta warware, ta yi miki sabo," in ji ta.

Auta ta shafa kitson, ta tattara sauran gashin ta ɗaure, ta ɗaura ɗankwali.

"Ba mai taɓa min shi."

"Za su yi miki dariya, Auta."

"Sai in ce mai kitsona layi ya yi mata yawa. In na dawo hutu ki ƙarasa min."

Bayan motarsu ta tashi, Umma ta daɗe tana kallon hannuwanta. Hutu da nisa, ciwon kuma ba ya jiran kowa. Ta fi kowa sani.

"Malam," ta ce, "ɗauko min kibiyar nan. Gobe ma ka dama min."