Soja Uku a Jere

Tun da hantsi Mushe Chindo ya fito da allon eshek, darar Turawan nan, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa a Gidan Rumji. Tsohon malamin lakol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, kuma duk garin babu mai ja da shi a kan allo. Da an gama wata babbar gasa a duniya, shi ke haddace wasan ƙarshe ya zo ya warware wa mutane shi, ba waya ba takarda.

Yau kam gabansa faɗuwa yake yi. Wata uku ke nan abubuwa suna zille masa. Ran nan sunan jikarsa ya nema ya rasa, shekaranjiya ya tsaya a tsakiyar kasuwa bai san abin da ya kai shi ba. Haka yayansa Bubakar ya fara, har ta kai ana tsinto shi a hanyar Tibiri yana neman uwarsu da ta rasu tun tuni. Chindo bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Saliha. Shi kaɗai ya yanke wa kansa hukunci: in ya kawo wasan gasar da aka gama kwanan nan daga farko har ƙarshe, motsi arba'in da ɗaya, to kansa ƙalau yake.

Mutum shida suka zauna. Faruku, tsohon ɗalibinsa da ke aikin jinya yanzu, shi ya riƙe baƙaƙe.

Motsi talatin suka tafi sumul. Chindo har ya fara cika baki.

"Ku duba nan," in ji shi. "Mai farare ya ba da dokinshi kyauta. Wawa na cewa kure ne. Ba kure ba ne, ƙofar sarki yake son buɗewa."

Daga nan sai kansa ya yi fayau. Ya zuba wa allon ido, allon ya zama kamar gonar wani. Zufa ta keto masa. Bai san lokacin da hannunsa ya tafi ba, ya tura soja ɗaya gaba, fararen soja uku suka jeru kafaɗa da kafaɗa. Ya miƙa hannu ya ɗauke sarauniyar Faruku ya ajiye a gefe, hankali kwance.

Ai wannan dokar darar ƙasa ce, wadda suke yi da tsakuwa da kara a cikin rairayi suna yara: in ka jera uku, ka ci ɗaya. Rabonsa da ita ya fi shekara arba'in.

Wani ya tuntsire da dariya. "Mushe ya tuno ƙuruciya!"

Faruku bai yi dariya ba. Fuskar malaminsa yake kallo, ya ga babu wasa a cikinta.

"Mi na yi?" Chindo ya tambaya.

"Ba komi, Mushe. Rana ce ta yi zafi. Mu maido ta, mu ci gaba."

Chindo ya dubi sarauniyar a kan tabarma, ya dubi sojojin uku. A hankali abin ya iso masa, tsoro ya kama shi har cikin ƙashi. Ya jira sauran suka watse ɗaya bayan ɗaya, sannan ya riƙo hannun Faruku gam.

"Gobe ka kai ni Maradi, wajen likita."

"To, Mushe."

"Shiga ciki ka hwaɗa ma Saliha yanzu. Kada gobe ka zo in ce maka ban ce ba."