Duwatsun Aljihuna a Asibitin Awaki

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. 'Yata Lantana ce ta iso daga birni da yamma, ta ce da safe za ta raka ni asibiti. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina shan maganin ƙanjamau ban yi fashi ba, amma yanzu an ɓullo da wani sabon awo ga irinmu da muka tsufa da cutar, wai a gano ko jiki ya yi rauni. Lantana ta ce in aka ce na yi rauni, to na bar lambun albasata ke nan, gidanta na bene za ta kai ni. Ni kuwa na san na rame. Don haka tun da la'asar na tsinto duwatsu a bakin rafi na cika aljifan babbar rigata, saboda sikeli.

A mafarkin, sai ga ni a ƙofar asibiti ana ruwa. Daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a cikinta. Ni ban zo da lema ba, ƙasan gemuna kawai ya jiƙe.

A kan bencin jira, kusa da ni, akwai wani ɗan tsoho da bai fi ƙwayar gero ba, da hularsa da sandarsa, yana gyangyaɗi.

Na ce, "Malam, daga ina?"

"Daga jininka," in ji shi, ya yi hamma. "Haba Cindo, duk daɗewarmu gida ɗaya ba ka gane ni ba? Ni ne cutar."

"To me ka zo yi?"

"Rakiya. Ai tun da ka fara haɗiyar ƙwayar nan ban sake wani aikin kirki ba, sai barci. Amma ko a kwance nake, tabarmar gidanka nake ci. Shi ya sa gwiwarka ta girme ka."

Ya koma barcinsa. Bencin ya tashi da ƙafafunsa ya kai ni ofis.

Likitan bunsuru ne, da farar riga da tabarau. Ya amsa sallamata cikin mutunci, ya zaro tarwaɗa mai rai daga aljihu ya miƙo mini.

"Damƙe ta, Baba, mu ga ƙarfin hannu."

Na damƙe. Tarwaɗar ta juyo ta dubi likita ta ce, "Ba laifi. Hannun mai fartanya ne, sai dai ya fara saki ta wajen ƙaramin yatsa."

"Kana yawan gajiya?" in ji bunsuru.

"Ni? Ko kaɗan."

Inuwata da ke jikin bango ta zauna daɓas. "Likita, ka ji tsoron Allah ka tambaye ni. Kullum bayan azahar ni nake jan sa zuwa gida."

Na harare ta. Ta harare ni.

Sikelin irin na mahauta ne, a rataye jikin wata tsamiya da ta tsiro a tsakar ofis. Aka ɗora ni, reshe ya lanƙwasa har ƙasa.

"Madalla!" in ji bunsuru. "Nauyin saurayi. Saura kujera. Zauna, sannan ka tashi ba tare da ka dafa komai ba."

Na zauna. Na yunƙura, riga ta mayar da ni. Na sake yunƙurawa, kujera ta ce, "Wash!" A nan ne babban dutsen da ke aljihun dama ya leƙo, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, mu aka auna fa. A faɗa mana sakamakonmu, muna da abin yi."

Bunsuru ya fita shawara da wasu awaki biyu a gindin tsamiya, suna yi suna cin ganyenta. Ya dawo ya yanke hukunci: duwatsu lafiyarsu ƙalau, ba su rame ba, ba sa gajiya, don haka su za su riƙe lambu. Ni kuwa, tunda ba a san nauyina ba, kuma na kasa tashi, a ba Lantana ni ta tafi da ni.

Nan take na hango lambuna ta taga. Duwatsu sun sa hulunana suna ban ruwa, sun cika wa albasa ruwa har wuya. Ga Lantana ta taho da gidan benen a kanta, a kan gammo, tana cewa, "Baba, hau mu tafi, kada rana ta yi."

Na ce, "Likita, za su ruɓar mini da albasa!"

"To wa ya kawo su? Mu ba kora muke yi ba, Baba. So muke mu san inda jiki ya fara saki, mu tallabe shi da abinci da motsa jiki tun bai zube ba. Kai kuma ka aiko mana duwatsu."

Na juye aljifaina, ragowar duwatsun suka bi ruwa suka yi sama. Aka sake ɗora ni a sikeli, reshe ya ɗan rusuna kamar mai gaida sirikai. Na zauna a kujera, na tashi. Gwiwa ta yi ƙara, amma na tashi.

Bunsuru ya cire tabarau ya cinye. "Ka rame, wannan gaskiya ne. Kana bakin ƙofar rauni, amma ba ka shiga ba. Game da lambu kuwa..."

Ƙwal! Ƙwal-ƙwalal!

Na buɗe ido. Gari ya waye. Lantana ce a tsakar gida take kakkaɓe babbar rigata za ta goge mini, duwatsu suna zuba cikin kwanon wanki.

"Baba, mene ne wannan?"

"Bar su nan," na ce. "Ba su za a auna ba."

Na tashi daga tabarma. Da hannu ɗaya na dafa, ba biyu ba, kuma sai da na tabbatar tana kallo.