Ruwan Sanyi a Ƙoƙon Atilio

Ƙanena Atilio ya shekara ashirin da biyu yana yi wa baƙi surutu, ni kuma ina tuƙa motar. Haka muka raba aikin tun da mijina ya rasu ya bar mini farar bas ɗinsa mai kujera goma: shi baki, ni sitiyari. In muka kwaso masu yawon buɗe ido daga tashar jirgin ruwa ta Carmelo, Atilio ba ya tsayawa haɗiyar miyau sai mun dawo da su. Ya san shekarar da aka ɗora kowane bulo a yankin nan, ya san wanda ya fara dasa inabi a kowane tudu. Amma ka tsayar da shi gaban Doña Nelida, sai ka rantse bai taɓa koyon magana ba.

Nelida ce mai shagon burodin da ke gindin gada. Mijinta ya rasu shekara biyar ke nan. Kullum da safe muna tsayawa a ƙofarta, ta fito da filas a hammata, ta zuba ruwan zafi a kan ganyen mate, shayin ƙasarmu da ake sha a ƙoƙo, ta miƙa masa ƙoƙon. Shi kuwa ya tsotsa da bututun ƙarfen, ya dubi sama ya ce, “Yau za a yi iska,” ya shiga mota. Shekara huɗu ana haka. Mutum ɗan shekara sittin da huɗu, bai taɓa aure ba, duk gari ya san abin da ke ransa, amma labarin iska yake bayarwa.

Sai ɗanta da ke Tigre, can ƙetaren kogi, ya matsa mata ta koma wajensa. Ta rufe shago, aka tsayar da ranar Lahadi, jirgin safe. Ranar Juma'a ta same ni ina wanke mota.

“Zulma, shekara sittin da ɗaya ina garin nan, kullum ina nuna wa baƙi hanyar Matoyar Marayu da yatsa, ni ban taɓa taka wurin ba. Jikokina su tambaye ni in ce me? Gobe ku tafi da ni.”

Da la'asar na tarar da Atilio a tsakar gida yana gugar riga, wuya ɗaya ya goge sau uku.

“Gobe ce kaɗai ta rage maka,” na ce.

“Na sani, Yaya.”

“To me za ka ce mata?”

Ya zaro takarda daga aljihu, shafi uku, gaba da baya. Na karanta layin farko, na ga ya fara da zuwan limaman coci na farko ƙasar nan.

“Kai, aure za ka nema ko jarrabawa za ka ba ta?”

Ya karɓe takardarsa da fushi, ya ce ni ban san tsarin magana ba.

Asabar ta waye tas, watan Maris, ana tsakiyar tsinkar inabi. Baƙi biyu kawai muka samu, wasu tsofaffin 'yan'uwa mata daga Rosario, waɗanda tun a tasha suke musu a kan wadda ta mance da laima. Nelida ta iso da malafa mai faɗi da jan baki, ta zauna gaba kusa da ni, ta ɗora koren filas ɗinta a cinya. Da muka hau jar gadar ƙarfe, Atilio ya ɗauki karatu, yadda ake juya ta da ƙarfin hannu in babban jirgi zai wuce. Nelida da ta tsallaka gadar nan ta fi sau dubu ta ɗaga hannu kamar ɗaliba.

“Malam mai bayani, ni baƙuwa ce. A ina ake samun burodi mai kyau a garin nan?”

Atilio ya yi tari, kunnuwansa suka yi ja. “An... an rufe shagon, Doña.”

“Assha! Kuma ba wanda ya hana?”

Na kusa kai wa ƙarfen gada karo don dariya. Shi kuwa ya juya wajen matan Rosario ya ci gaba da lissafin nauyin gadar.

Gonar Don Fermin muka fara tsayawa. Masu tsinka sun cika layuka da kwanduna, ƙudan zuma na bin su, ƙamshin inabin da ya fashe ya cika wurin. Fermin ya shiga da mu ɗakin ganguna, ya ɗebo wa kowa baƙar giyarsa ta bara. Kafin mu fito haƙoran matan Rosario sun rine, kowace tana nuna na 'yar'uwarta tana ƙyaƙyatawa. A bakin rumfa akwai tsohon kwamin katako da yake ajiyewa don baƙi su tattake inabi da ƙafa kamar yadda kakanninmu suka yi. Ban ankara ba Nelida ta tuɓe takalma ta danƙa wa Atilio, ta tattare siket ta faɗa ciki.

“Wayyo sanyi! Zulma, zo ki ji!”

Ta yi ta tsalle, ruwan inabi na fallatsa har gwiwa, masu tsinka suna yi mata tafi. Shekara biyar rabon da in ji ta yi irin wannan dariyar. Atilio yana tsaye ya rungume takalmanta a ƙirji da hannu biyu, bakinsa a buɗe. Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni.

Kafin mu tashi matar Fermin ta cika wa Nelida filas da tafasasshen ruwa, ta tura shi ƙarƙashin kujerar gaba. A nan ni ma nake ajiye tsohon filas ɗina cike da ruwan rijiya, saboda motar nan tamu ta tsufa, lagiretonta ba ya ƙoshi.

Rana ta take muka isa Matoyar Marayu, kangon da ake toya farar ƙasa a zamanin da. Ba kowa a wurin sai tsuntsaye. Tsohuwar majami'ar wurin na tsaye da jan bulonta, ba rufi, ciyawa ta fito a kan katanga. Nelida ta shiga a hankali, filas a hammata, ta ɗaga kai tana kallon sama ta inda rufin yake a da.

“Ashe haka wurin yake,” ta ce. “Ashe duk shekarun nan yana nan kusa da ni.”

Na kama matan Rosario hannu bibbiyu na ce su zo in nuna musu ramukan da ake toya farar ƙasa. Ban san komai game da ramukan ba, na ƙirƙiro abin da ya sawwaƙa, na bar su suna musu a kai. Na lallaɓo na leƙa ta wata kafar taga. Ba na jin kunyar faɗa, ƙanena ne.

Suna zaune a kan wani guntun bango. Atilio ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya buɗe baki, ya rufe. Nelida ta buɗe filas tana zubawa a ƙoƙo, amma idonta na kansa. Ta miƙa masa. Ya tsotsa sau ɗaya, sai na ga ya sandare. Ya dubi ƙoƙon, ya dube ta. Sannan ya shanye har bututun ya yi ƙara, ya miƙa mata da hannu biyu.

“Na gode, Doña Nelida.”

Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a godiya a kan mate sai in an gama sha, ba a son ƙari. Mace ta zauna da kai ku biyu, ta miƙa maka ƙoƙon farko, ka ce ka gode? Ai ka sallame ta ke nan. Nelida ta murɗa murfin filas a hankali, ta miƙe ta kakkaɓe siket, ta ce rana ta yi zafi, a tafi.

Daga nan zuwa Punta Gorda, zangonmu na ƙarshe, motar ta koma kamar ta masu dawowa daga jana'iza. Atilio na jero shekaru da murya ƙasa-ƙasa, ba mai saurare. Nelida ta juya fuska ga taga, filas a ƙirji. Ni kuwa ina tuƙi ina shirya irin zagin da zan yi masa a gida. Muna hawa tudun ƙarshe mota ta fara huci, na gangara da ita gindin bishiya daidai bakin gaɓa, inda koguna ke haɗuwa ruwan ya buɗe, launin ƙasa-ƙasa, faɗinsa ya fi ƙarfin ido. Matan Rosario suka fita ɗaukar hoto. Nelida ta je ta tsaya ita kaɗai tana kallon ƙetare.

Na jira injin ya huce, na laluba ƙarƙashin kujera na jawo filas, na buɗe zan ɗura wa lagireto. Tururi ya bugi fuskata, ruwan ya ƙona mini yatsa. Na tsaya ina kallonsa. Kore ne, irin nawa sak, amma nawa ba a taɓa zuba masa ruwan zafi ba tun da murfinsa ya tsage.

“Atilio! Zo nan.”

Ya zo yana jan ƙafa.

“Me ya sa ka yi mata godiya, sakarai?”

“Bari kawai, Yaya.” Idonsa ya kawo ruwa. “Mai sanyi ta ba ni. Sanyi ƙalau. Ta ba ni amsa tun kafin in tambaya. Kin tuna abin da Kaka take cewa, in mace ta miƙa maka mai sanyi, cewa take ka fita hanyarta. To na fita. Ba zan sa ta faɗa da baki ba, ta ji nauyi.”

Na zauna a kan dutse na yi dariya har cikina ya ƙulle. Sai da na share hawaye na iya ƙwala kira.

“Nelida! Don Allah zo. Zuba ruwan filas ɗin nan naki a hannunki.”

Ta zo tana harararmu, ta buɗe, ta ɗiga a bayan hannu. Ta sake zubawa da yawa. Ta dubi wanda ke hannuna yana tururi.

“Ruwan motata kika ba shi,” na ce. “Shi kuma ya karanta saƙo.”

Na ɗauka dariya za ta yi. Ina! Ta dangwarar da filas a ƙasa, ta riƙe ƙugu, ta tako har gabansa.

“Au, ashe ka iya karatun ƙoƙo? Ashe ka iya! Shekara huɗu, Atilio. Shekara huɗu kullum da safe ina saka maka ɓawon lemo a ciki. Me Kakarku ta ce game da ɓawon lemo?”

Ya sunkuyar da kai. “Zo ka neme ni.”

“Ban ji ba!”

“Zo ka neme ni.”

“To! Na shanya ɓawon lemo har maƙwabta suka ɗauka sana'a na sauya. Ba ka gani ba. Yau sau ɗaya tak an yi kuskuren ruwa, nan take ka gane, har da godiya!”

“Na ɗauka saboda ciwon cikina kike sakawa,” ya ce.

Matan Rosario sun riga sun matso, sun mance da kogi. Babbar ta dafa ƙirji ta ce, “Ciwon ciki! Baiwar Allah, ki hau jirginki kawai.” Ƙaramar ta ce, “Rufe mana baki, ke da kika kori manema uku.”

Atilio ya duƙa ya ɗauki ƙoƙon, ya karɓi filas mai zafi daga hannuna, ya miƙa wa Nelida duka biyun.

“To a sake zubawa.”

“A'a,” ta ce, ta mayar da hannuwanta baya. “Ƙoƙon nan ya gaji da aike. Kana da baki, duk yankin nan sun shaida. Yi da shi.”

Hannunsa ya nufi aljihun da takardar take. Na yi gyaran murya, ya sauke hannun. Ya tsaya riƙe da ƙoƙo da filas, iskar kogi na kaɗa 'yan gashin da suka rage masa.

“Nelida, kada ki hau jirgin gobe,” ya ce. “Ki zauna. Ki zauna tare da ni, in kin yarda a ɗaura mana aure. Tun kafin shekara huɗun nan nake sonki, tsoro ne kawai. Shi ke nan abin da na iya.”

Ban taɓa jin ya gama magana da wuri haka ba. Matan Rosario sun riƙe hannun juna. Ni kuwa kuka nake yi sosai, don murna, ba na ko ɓoyewa.

Nelida ta cire malafarta ta yi fifita da ita.

“Ka san ka wahalar da ni? Kwana goma ina ɗaure kaya. Kwali goma sha huɗu, na kwance gado, na naɗe katifa, har labule na sauke. Gidan nan ba ko cokali a waje.”

“Zan taya ki kwancewa,” ya ce da sauri. “Duka zan mayar miki inda suke.”

“Wa ya ce maka a can za a kwance su?” Ta karɓi ƙoƙon daga hannunsa, ta juyo wajena. “Zulma, in aka cire kujerun baya, motar nan za ta ɗauki gado?”