Kwalabe Huɗu da Zaren Ulu

Jikar Zulai'atu, 'yar ɗanta, ta zo duniya bakwaini, a daidai lokacin da sanyi ke tasowa daga ruwa yana ratsa gidajen Yelwa. Zulai'atu ta kwana biyar tana saƙa mata riga da hula da safa da wani zaren ulu siriri mai laushi. Tana gamawa sai maƙwabciyarta Altine ta shigo, ta murza rigar da yatsa, ta taɓe baki.

"Wannan ba shi riƙe ɗumi. Mai kauri ake sa wa bakwaini."

Maganar ta tsaya wa Zulai'atu a rai, har ta kasa cin abinci. Ko atishawa jaririyar ta yi, sai gabanta ya faɗi.

Ranar Asabar da hantsi 'yarta Shamsiyya, mai koyar da kimiyya a Warra, ta zo barka. Da ta ji abin da ake ciki sai ta ce, "Inna, mu gwada mana."

Ta jera kwalabe huɗu iri ɗaya a inuwar rumfa. Ta sa Inna ta saƙa wa uku ƙananan riguna: ɗaya da siririn, ɗaya da mai kaurin Altine, ɗaya da wani mai ƙyalli. Ta huɗu aka bar ta tsirara. Altine ta so ta naɗa nata sau biyu, Shamsiyya ta riƙe mata hannu.

"A'a, Gwaggo. Kowa ninki ɗaya, ruwa daga tukunya ɗaya, lokaci ɗaya."

Aka zuba ruwan zafi, aka toshe. Zulai'atu ta kasa zama. Sau uku tana leƙa agogon wayar Shamsiyya. Da awa ta cika, Shamsiyya ta tsoma ma'aunin zafi a kowace kwalba, tana rubutawa. Tsirarar ta huce sosai, mai ƙyalli na bin ta. Mai kauri ta riƙe ɗumi, amma mai siririn ta ɗara ta da maki biyu.

"Saƙar siririn ta fi matsewa, Inna, iska ba ta samu hanya ba."

Zulai'atu ta sauke numfashi, ta zauna daɓas a kan turmi, tana ta alhamdulillahi. Altine ta ce a sake, aka sake, haka ya fito.

Zulai'atu ta shiga ɗaki, ta sa bayan hannu a wuyan jaririyar, ta ji ɗumi. Daga nan ta ɗaga murya ta ce a zubo mata abinci, yunwa take ji.