Jan Dutsen da Dogo Bai Gani Ba

Da Dogo ya ajiye aikin koyarwa, sai matarsa ta ce lokaci ya yi da za a shimfiɗe tsakar gida da dutse, don ta gaji da taka taɓo duk damina. Dutsen yashi take so, irin wanda ake yankawa falle-falle, kuma mai ja-ja kamar na gidan ƙanwarta. Ya ce wannan ai bai kai su fita su biyu ba.

A wurin mai sayar da dutse an jingina fallayen a jikin katanga. Mutumin ya ɗebo ruwa a bokiti ya watsa musu, ya ce haka launinsu ke fitowa in an yi ruwan sama: ga ja, ga ruwan zuma, ga wani mai kore-kore. Dogo ya duba, ya sake dubawa. Shi dai ban da ruwan zumar, sauran duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kunya ta hana shi tambaya, ya nuna wanda ya fi sheƙi, aka loda masa a mota.

Da aka sauke a ƙofar gida, matar ta tsaya ta riƙe haɓa. Ta ce wannan ai kore ne, kuma an goge shi sumul, in ya jiƙe ko akuya ba ta tsayuwa a kansa. Dogo ya rantse ja ne. Ta shiga kicin ta ɗauko murafen roba biyu, ɗaya ja ɗaya kore, ta ce ya nuna mata jan. Ya nuna koren.

"Na daɗe da sani," in ji ta. "Don me kake tsammanin nake fitar maka da kayan sawa tun ina amarya?"

"Na ɗauka so ne."

"Har da shi."

Ya zauna a kan dutsen. Ya tuna shekarar da ɗalibai suka yi ta dariya wai ya duba jarrabawa da koren biro, shi kuwa ya ɗauka iya shegen yara ne.

Washegari suka koma tare. Mai dutse ya yarda a canja, tunda ko ɗaya bai ɓantare ba. Ita ta zaɓi launi. Dogo ya cire takalmi, ya sa aka jiƙa fallayen, ya bi su yana takawa, ya tsaya a kan wanda ya fi kaushi. Ta ce wannan zai riƙe datti, ya cinye mata tsintsiya. Suka daidaita a kan mai ɗan kaushi, wanda ke kama tafin ƙafa.

Da Dogo ya je wurin likitan ido, aka ce masa ba ya bambanta ja da kore, haka aka haife shi, ba magani. Tun daga nan yakan nuna abu ya tambaye ta launinsa. Ashe ƙofar gidansu ma koriya ce.